Tarihin Mathew Brady, mai hoton da ya ɗauki shugabannin Amurka amma ya mutu cikin talauci

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu kawo muku labarin wani mai ɗaukar hoto na ƙasar Amurka, Mathew Brady, wanda ya rasu a shekara ta 1896. A zamaninsa babu mai hoton da ya kai shi suna a ƙasar. Shugabannin ƙasa, manyan hafsoshin soja, attajirai, har da yariman Ingila, duk sun zauna gaban na'urarsa, kuma da yawa daga cikin hotunan yaƙin basasar Amurka da duniya ke kallo har yanzu sunansa ne a jikinsu. Duk da haka, a ɗakin marasa galihu na wani asibiti ya cika, kuma waɗansu ne suka biya kuɗin jana'izarsa. Abin da za mu duba shi ne yadda aka yi sana'ar da ta ɗaukaka shi ta kasa riƙe shi, domin akwai abin lura a ciki ga duk mai cin abinci da hoto.

Tasowarsa

An haifi Brady a farkon shekarun 1820. Iyayensa talakawa ne ƴan ci-rani daga ƙasar Ailan, kuma ya taso a ƙauye, a arewacin jihar Niyu Yok. Yana saurayi ya haɗu da wani mai zanen fuskokin mutane da fenti, William Page, wanda ya ja shi jiki, daga baya ya gangaro babban birnin Niyu Yok neman abin yi.

Ya iso birnin ne daidai lokacin da sana'ar hoto ke faɗowa duniya. A shekara ta 1839 gomnatin Faransa ta bayyana wa kowa dabarar da Louis Daguerre ya samo ta kama surar mutum a kan farantin ƙarfe, ta kuma yanka masa fansho na faran 6,000 a kowace shekara har ƙarshen ransa. Samuel Morse, mutumin da ya shahara da wayar tangaraho, ya gana da Daguerre a Pari cikin wannan shekara, ya komo Niyu Yok yana koyar da sabuwar sana'ar, kuma masu tarihi da dama suna danganta koyon Brady da shi. Amma kamin ya fara ɗaukar hoto da kansa, abin da Brady ya fara ci da shi shi ne ƙera ƴan ƙananan akwatuna da ake saka hoton a ciki.

Ya kamata mu bayyana irin hoton wancan lokaci, don a gane wuyar aikin. Farantin jan ƙarfe ne ake shafe wa azurfa, a goge shi ya yi sheƙi kamar madubi, a turara shi da magani, a ɗauki hoton, sannan a fito da surar da tururin zaiba, abin da ke cutar da lafiyar mai aikin. Mai son hoto sai ya zauna ba motsi na tsawon daƙiƙoƙi masu yawa, an tokare masa ƙeya da wani ƙarfe. Kuma hoto ɗaya tak ke fitowa. In mutum yana son biyu, sai ya sake zama.

Shago a kan titin Broadway

A shekara ta 1844 Brady ya buɗe shagonsa na farko a kan titin Broadway, a saman bene, inda aka huda rufin aka sa gilashi domin hasken rana ya shigo. Tun daga farko ya gane cewa gwaninta kaɗai ba ta kawo ciniki. Sai ya shiga bin manyan mutane yana roƙonsu su zo ya ɗauke su, ya rataye hotunansu a zauren shagon, ya bar ƙofa a buɗe ga duk mai son kallo. Wanda ya shigo kallon fuskar shugaban ƙasa ko ta wani shahararren ɗan majalisa, sau da yawa ba ya fita sai shi ma ya zauna an ɗauke shi. Da wannan dabara ya yi suna, ya ci lambobin yabo a bukukuwan baje koli na Niyu Yok, kuma a 1851 ya samu lambar yabo a babban baje kolin duniya da aka yi a Landan. Cikin waɗannan shekaru ne ya auri Juliet Handy, wadda ake kira Julia.

To amma tun a lokacin an fara ganin alamar abin da zai same shi gaba. A 1850 ya fitar da wani kundi mai tsada na fuskokin manyan Amurkawa. An shirya mutum 24, aka tsaya a 12, domin masu yabon aikin sun fi masu saye yawa. A gefe guda kuma sana'ar ta cika da jama'a. A titin Broadway da kewayensa aka buɗe shaguna masu yin hoto kamar ana suyar ƙosai, wani na goge faranti, wani na ɗauka, wani na wankewa, suna sayarwa har a kan rubu'in dala. A nan mu tuna wa mai karatu cewa duk inda muka ce dala a wannan labari, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Brady ya ƙi sauko da farashi. Ya zaɓi ya bi masu hannu da shuni, ya yi ta ƙaura zuwa shaguna masu girma da tsadar haya, da shimfiɗu da fitilu da kujeru na alfarma. Kuɗi na shigowa da yawa, suna kuma fita da yawa.

Sana'a ta sauya salo

A shekara ta 1851 wani Baturen Ingila, Frederick Scott Archer, ya fito da dabarar ɗaukar hoto a kan gilashi. Wannan gilashi shi ne uwar hoto, daga gare shi ana iya buga hotuna a takarda iya yawan da ake so. A 1854 kuma wani Bafaranshe, Disdéri, ya yi rajistar ɗan ƙaramin hoton nan da ake liƙawa a kati, wanda ya zama abin yayi a Turai da Amurka. Ƙarshen mutanen nan biyu abin lura ne. Archer bai nemi ko sisi a kan dabararsa ba, ya mutu matalauci a 1857. Disdéri ya yi arziki na ɗan lokaci, masu kwaikwayo suka cika kasuwa, shi ma ya mutu ba shi da komi a 1889.

Brady ya karɓi sabuwar dabarar. A 1856 ya ɗauki wani gwani ɗan ƙasar Sikotlan mai suna Alexander Gardner, wanda ya san aikin gilashi ya kuma san lissafin kuɗi, kuma a 1858 ya damƙa masa sabon shagon da ya buɗe a Washintan. Ɗaukar ma'aikata ta zame masa dole, domin idanunsa sun fara rauni tun cikin shekarun 1850. Sannu a hankali ya zama maigida mai tarbar baƙi, mai gyara musu zama da tsayuwa da haske, yaransa kuma su ne a bayan na'ura.

Ranar 27 ga watan Fabrairu 1860 wani lauya dogo daga jihar Illinois, wanda mutanen gabashin ƙasar ba su san fuskarsa sosai ba, ya shigo shagon Brady kamin ya je ya yi jawabi a zauren Cooper Union. Shi ne Abraham Lincoln. Brady ya tsayar da shi, hannunsa a kan littafi, ya fito da shi da kamala da kwarjini. Hoton ya bazu a jaridu da takardun neman ƙuri'a, kuma a watan Nuwamba aka zaɓi Lincoln shugaban ƙasa. A cikin wannan shekara yariman Ingila, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na bakwai, ya ziyarci shagon. Wannan ne ƙololuwar Brady.

Yaƙi ya ɓarke

A watan Afrilu 1861 yaƙi ya ɓarke tsakanin jihohin arewa da na kudu, waɗanda suka ɓalle domin su ci gaba da riƙe bayi. Ga masu hoto, farkon yaƙin kakar ciniki ce. Kowane soja na son ya bar wa uwarsa ko matarsa hotonsa da kaki kamin ya tafi, sai ga layi a ƙofar shaguna. Da Brady ya tsaya nan, da wataƙila ya tsufa cikin wadata. Amma ya ƙudura cewa sai ya bi sojoji har fagen fama ya ajiye wa ƙasar tarihin yaƙin a hoto. Hukuma ta ba shi izinin shiga sansanonin soja, sai dai ba ta ɗauke shi aiki ba, ba ta kuma yi masa alkawarin sayen komi ba. Duk abin da za a kashe daga aljihunsa ne.

Shi da kansa ya je yaƙin Bull Run ranar 21 ga watan Yuli 1861, inda sojojin arewa suka watse da gudu, ya komo Washintan da ƙyar. Daga nan ya fi zama a birni, yana tura ƙungiyoyin masu hoto. Kowace ƙungiya na bukatar amalanken doki da aka mayar ɗakin duhu, da dawaki da abincinsu, da gilasai, da magunguna, da albashi. Aikin kansa wahala ne. Sai a shafa wa gilashi magani a wurin, a ɗauki hoton, a wanke shi kamin ya bushe, duka cikin ƴan mintoci, ga ƙura, ga zafi, ga hanyoyin da ke farfasa gilashi. Na'urar ba ta iya kama abin da ke motsi, shi ya sa hotunan suka zama na sansani, da gadoji, da garuruwan da aka rusa, da gawawwaki.

Kayan aikin kuwa bashi yake ɗauka daga kamfanin E. & H. T. Anthony, babban dillalin kayan hoto na Niyu Yok. Kamfanin ne ke buga hotunan Brady da yawa yana sayarwa, kuma da bashi ya taru ya kasa biya, sai gilasan hotunan suka koma hannun kamfanin a madadin kuɗi. An ƙiyasta cewa Brady ya kashe dala 100,000 a kan wannan aiki, ya tara gilasai wajen 10,000.

Akwai dalilai da suka sa kuɗin ba su dawo ba. Jaridun lokacin ba su da hanyar buga hoto kai tsaye, sai dai mai sassaƙa ya kwaikwaye shi a kan katako a buga zanen, don haka babu wata babbar kasuwa ta sayar wa jarida hoto irin wadda aka samu daga baya. Masu satar fasaha kuma suna sake ɗaukar hoton wani su sayar da araha, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ba ta ambaci hoto da suna ba sai a watan Maris 1865, yaƙi na gab da ƙarewa. Ga shi daga 1864 zuwa 1866 gomnati ta ɗora haraji a kan hotuna, kowane hoto sai an liƙa masa tambur a baya.

Aiki na yara, suna na maigida

Ranar 17 ga watan Satumba 1862 aka gwabza a Antietam, inda cikin yini ɗaya mutum wajen 23,000 suka mutu, ko suka ji rauni, ko suka ɓace. Kwana biyu bayan haka Gardner da James Gibson suka shiga filin suka ɗauki gawawwakin tun ba a rufe su ba. A watan Oktoba Brady ya baje hotunan a shagonsa na Niyu Yok. Jama'a suka yi ta tururuwa, domin wannan ne karo na farko da mutanen birni suka ga abin da yaƙi ke yi wa ƴaƴansu.

Sunan Brady ne ya fito, shi da bai ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba. Haka al'adar shagunan lokacin take, duk abin da yaro ya ɗauka na maigida ne, kuma shi maigidan ne ya zuba jari. Amma a nan dole mu faɗi gaskiya, mutumin da daga baya ya yi ta kukan ba a biya shi haƙƙinsa ba, shi ma bai raba suna da waɗanda suka shaƙi warin fagen fama ba. Ba a daɗe ba Gardner ya bar shi, ya buɗe nasa shago a Washintan a 1863, ya tafi da gwanaye irin su Timothy O'Sullivan, kuma ya riƙa rubuta sunan wanda ya ɗauki kowane hoto. Brady ya yi asarar mafi gwanintar ma'aikatansa, ya kuma yi asarar mutumin da ke riƙe masa lissafi. A 1864 matsin kuɗi ya sa ya sayar wa Gibson rabin shagonsa na Washintan.

Duk da haka bai saki aikin ba. A watan Afrilu 1865, mako ɗaya bayan Janar Robert E. Lee na kudu ya miƙa wuya, Brady ya je har gidansa a Richmond ya shawo kansa ya tsaya aka ɗauke shi da kakinsa.

Bayan yaƙi

Yaƙin ya ci rayuka fiye da 600,000. Da ya ƙare, mutane suka juya wa hotunansa baya, domin gidan da aka yi rashi ba ya son a rataye masa abin da zai tuna masa. Ba Brady kaɗai abin ya shafa ba. Gardner ya fitar da kundi mai hotuna 100 a 1866, a kan dala 150, bai samu masu saye sosai ba, daga ƙarshe ya bar hoto ya koma harkar inshora.

Brady ya sa rai wata hukuma za ta saye tarin nasa gaba ɗaya. A 1866 ya baje su a ƙungiyar tarihi ta Niyu Yok, ciniki bai faɗa ba. A 1869 ya kai kukansa majalisar dokoki, aka yi shiru. Masu bin bashi kuwa ba su yi shiru ba. Zuwa 1873 kotu ta tabbatar da karyewarsa, ya rasa shagonsa na Niyu Yok, kuma a wannan shekara ce tattalin arzikin Amurka ya shiga wani mummunan hali. Wani kaso na gilasan yana gidan ajiya, ya kasa biyan kuɗin ajiyar, aka yi gwanjonsu a 1874, ma'aikatar yaƙi ta saye su a kan dala 2,840. Sai a 1875, da taimakon ɗan majalisa Benjamin Butler, majalisa ta ba shi dala 25,000 domin gomnati ta mallaki tarin. Rubu'in abin da ya kashe ke nan, bayan shekara 10 da ƙare yaƙi, kuma masu bin bashi na jira a bakin ƙofa.

Ya ci gaba da aiki a Washintan, daga wannan ƙaramin shago zuwa wancan, yana dogara da ɗan ɗan'uwan matarsa, Levin Handy, wanda ya koyi sana'ar a hannunsa. Manya ba su daina zuwa ba gaba ɗaya, amma zamani ya wuce shi. Samarin masu hoto sun fito da sabon salo, an samu busasshen gilashi da ake saye a shirye, kuma a 1888 George Eastman ya fito da na'urar Kodak ta dala 25, mai ɗaukar hoto 100, wadda kowa ke iya riƙewa ya ɗauki iyalinsa ba tare da ya je shago ba. Matarsa Julia ta rasu a 1887, kuma Allah bai ba su haihuwa ba.

A 1895 wani keken doki mai jigilar fasinja ya banke shi a titin Washintan, ya karye a ƙafa. Da ya ɗan samu sauƙi ya koma Niyu Yok, inda ake shirya masa taron nuna hotunan yaƙi a zauren Carnegie a ƙarshen watan Janairu 1896, da fatan ya samu abin rufin asiri. Bai kai ranar ba. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi a sashen marasa galihu na asibitin Presbyterian, ya rasu ranar 15 ga watan Janairu 1896. Tsofaffin sojojin runduna ta 7 ta Niyu Yok suka taimaka da kuɗin jana'iza, aka kai shi Washintan aka rufe shi kusa da matarsa.

Abin da ya bari

Darajar aikin ta fito ne bayan mai shi ya kwanta dama. A 1911, shekara 50 da fara yaƙin, aka buga tarihinsa cikin hotuna a littattafai 10, da yawa daga tarin Brady. Gilasan da ma'aikatar yaƙi ta saya, wajen 6,000, suna gidan adana takardun tarihi na ƙasar. Babban ɗakin karatu na majalisar dokoki ya sayi waɗanda suka bi ta hannun kamfanin Anthony a 1943, ya ƙara da waɗanda suka rage a gidan Handy a 1954. Masu bincike kuma sun bi diddigi sun mayar wa Gardner, Gibson, O'Sullivan da sauransu sunayensu a kan hotunan da suka ɗauka.

In muka tattara labarin, za mu ga Brady bai rasa gwaninta ba, bai rasa suna ba, bai rasa sanin manya ba. Abin da ya kayar da shi shi ne ya ci bashi ya yi babban aiki ba tare da ya san wanda zai biya ba, ya jingina da zaton cewa gomnati za ta ga amfanin abin ta saka masa. Ya bar uwar hotunansa, wadda ita ce jarin mai hoto, ta koma hannun mai ba shi kaya. Ya riƙe shago mai tsada a sana'ar da kowace shekara goma sai sabuwar na'ura ta karya farashinta, kuma ya rabu da mutanen da aikin ke tafiya a hannunsu. Amma da ya yi lissafi irin na ɗan kasuwa ya zauna a shago, da an yi asarar wani babban yanki na tarihin ƙasarsa. Ƙasar ta ci riba, shi ya ɗauki asarar.

Ranar 9 ga watan Fabrairu 1864 Lincoln ya zauna a shagon Brady na Washintan, wani ma'aikacinsa mai suna Anthony Berger ya ɗauke shi hotuna da dama. Daga cikin hotunan wannan rana aka zana fuskar Lincoln da ke kan takardar kuɗi ta dala 5, wadda ke yawo a hannun jama'a har yau.

Nan muka kawo ƙarshen tarihin Mathew Brady. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.